Busa ba yankewa: da kofin ruwa ina iyawa, a kan saksofon sai ta tsinke

Sabon_Mabushi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu busa. Shekara biyu ke nan ina busa saksofon, kuma wata uku da suka wuce na shiga koyon busar nan da ba a yankewa, wadda mutum zai ja iska ta hanci alhali sauti yana ci gaba da fita. Da kofin ruwa da siririn bututu na iya, nakan yi minti biyu kumfa ba ta tsaya ba. Amma da zarar na sa saksofon a baki sai komai ya watse. Ko dai sautin ya mutu lokacin da nake jan iska, ko kuma ya yi wani irin tuntuɓe in na dawo. Tambayata biyu ce. Ina nake kuskure? Sannan tsakani da Allah, abin nan ya cancanci wahalar da nake sha a kansa?

Dan_Bigila:
Wa alaikumus salam. Ni dai har yau ban gamsu ba. Maƙogwaro ɗaya Allah ya ba mutum, ta yaya iska za ta shiga ta kuma fita a lokaci guda? Ina ganin akwai siddabaru a bidiyoyin da ake nunawa.

Mai_Turambon:
Dan_Bigila, rabin maganarka gaskiya ce. Huhu ba ya shaƙa ya fitar a lokaci guda, wannan babu mai iya shi. Abin da ke faruwa shi ne mai busa yana ajiye 'yar iska a kumatunsa, sai ya rufe bayan bakinsa da harshe, baki ya zama ɗaki daban, hanci da huhu su zama ɗaki daban. A ɗan lokacin nan naman kumatu da harshe ne ke matso iskar da aka ajiye zuwa cikin kayan busa, shi kuma hanci yana cika huhu. Abin bai kai sakan ɗaya ba. Daga nan a buɗe ƙofar, huhu ya karɓi aikinsa, a sake cika kumatu. Ka gwada yanzu: guntsi ruwa, ka tsaya gaban wurin wanke hannu, ka riƙa tsartar da shi siriri kana numfashi ta hanci. Za ka ga ruwan yana fita, kai kuma kana numfashinka. Ruwan nan ba daga huhunka ya fito ba. To iska ma haka take.

Dan_Bigila:
Na gwada da ruwan, ya yi. Na janye maganar siddabaru.

Malama_Obo:
Ƙanena Sabon_Mabushi, bari in nuna maka ƙofar da Mai_Turambon yake nufi, don yawancin masu koyo ba su san inda take ba. Ka yi kamar za ka ce "ka" amma ka tsaya kafin sautin ya fito. Ka ji inda bayan harshenka ya manne a sama? Hanɗa ke nan, wurin nan mai taushi a can bayan rufin baki. Nan ne ake rufewa. Kuma dawowar da kake cewa tana yi maka tuntuɓe, buɗe wannan wurin ne kake yi a makare. Kana jira sai iskar kumatu ta ƙare ƙaf kafin ka saki harshe, shi ya sa ake samun rami a tsakani. Ka saki tun kumatun suna da sauran iska, ta yadda iskar huhu za ta tarar da ta baki a hanya su haɗu. Fita daga huhu zuwa kumatu kowa yana koya cikin mako guda. Dawowar ce ke cin watanni.

Sabon_Mabushi:
Anti Malama, wallahi kamar kina tsaye a kaina. Haka nake yi, sai kumatuna sun lotsa gaba ɗaya nake dawowa. To amma me ya sa a kofin ruwa hakan ba ya dame ni?

Malama_Obo:
Saboda kumfa ba ta da kunne. In ƙarfin iskar ya ragu da rabi, kumfa za ta ci gaba da tashi, kai kuma ka ɗauka ka iya. Shi kuwa ɗan karan da ke bakin saksofon, in matsin iska ya yi ƙasa da abin da yake bukata, nan take zai daina rawa. Ka matse bakin bututun da yatsu har sai ka ji yana yi maka gardama, sannan ka lura da girman kumfar: so ake ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ta yi manya ta koma ƙanana ba. In wannan ya zauna, kada ka tafi kai tsaye ga saksofon ɗungurungum. Ka cire kan da wuyan kawai ka yi da su, sannan ka haɗa jikin, ka fara da sauti na tsakiya, a hankali, ba da ƙarfi ba. Sautukan ƙasa suna shan iska da yawa, ka bar su sai daga baya.

Baba_Mai_Algaita:
Ɗana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji daɗi da na ga yara suna tambayar wannan abu. Mu masu algaita ba mu ɗauke shi wani fanni na daban ba, shi ne busar kanta. Wanda yake yanke numfashi a algaita ba a ce ya fara ba tukuna. Mahaifina da kara ya fara koya mini, da ruwa a ƙwarya, kafin ya bari in taɓa algaitarsa. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ɗan bakin algaita gaba ɗayansa yake shiga cikin baki, leɓɓa ba sa cizonsa, suna jingine ne da ɗan faifan nan da ke gaba. Don haka kumatu suna da 'yancin kumbura yadda suke so, sauti ba zai lalace ba. Ku kuma naku leɓe ne yake riƙe da sautin, in kumatu suka motsa leɓe ya motsa. Shawarata gare ka yaro, kada ka jira sai numfashi ya ƙare maka. Tun kana da sauran rabi a ƙirji ka ɗan sata kaɗan ta hanci. Kaɗan kaɗan, akai akai. Wanda ya jira sai ya galabaita, jikinsa zai firgita, ya ja iska da ƙarfi, komai ya rushe.

Sabon_Mabushi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan ta "sata kaɗan" ban taɓa tunaninta ba, kullum so nake in cika huhu taf a ja ɗaya.

Yar_Sarewa:
Baba ya faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ni sarewar ƙarfe nake busawa, wadda ake riƙewa a gicciye, kuma mu ne muka fi kowa shan wuya a nan. Algaita da obo, kayan busan Turawa mai kama da ita, suna da ƙaramar ƙofa, suna tare iska, 'yar abin da ke kumatu sai ta daɗe. Mu babu abin da ke tare mana, iska tana wucewa ne ta saman rami, rabinta ma a waje take tafiya. Cikin ƙiftawar ido kumatu sun zama wayam. Ga shi kuma da leɓe ya ɗan karkace, sautin ya koma huci. Shekara ɗaya da rabi na yi kafin in iya a kan sauti ɗaya tak, kuma har yau harshe nake amfani da shi wajen turo iskar fiye da kumatu, kamar ina cewa "hwa" daga baya zuwa gaba.

Mai_Turambon:
Haka ne 'yar'uwa. Mu ma masu manyan ƙahonin tagulla muna kusa da ku a wahala. Duk kayan busan da ke shan iska da yawa ya fi wuya. Mai turamfet ya fi ni sauƙi, ni kuma na fi mai babban ƙahon nan da ake rungumewa.

Masanin_Kida:
Tun da an ambaci sarewa, akwai abin da zai ƙarfafa wa Yar_Sarewa gwiwa. A ƙasar Mongoliya suna da sarewar gicciye da suke kira limbe, kuma da irin wannan numfashin suke busa dogayen waƙoƙinsu na gargajiya. A 2011 hukumar UNESCO ta saka wannan fasahar cikin jerin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa, saboda masu iyawa sun yi ƙaranci. Kuma abin ya bazu a duniya tun da daɗewa, ba wata al'umma ɗaya ce ta ƙirƙiro shi ba. 'Yan asalin arewacin Ostireliya suna yi da dijiridu, dogon icen nan mai rami. Turkawa suna yi da zurna, wadda 'yar'uwar algaita ce ta kusa. A Masar akwai argul mai bututu biyu, a tsibirin Sardiniya na Italiya akwai launeddas mai bututu uku, a Sin akwai suona. A Armeniya in ana busa duduk, mutum na biyu aikinsa kawai ya riƙe sauti ɗaya a ƙasa ba yankewa, na farko yana yawo a kansa. Har maƙeran zinariya da azurfa sun san shi, don da shi suke hura wuta ta siririn bututu ba tare da harshen wutar ya yi rawa ba.

Tsohon_Bandmasta:
Duk na karanta, kuma ni tambaya ta biyu zan amsa, wadda kowa ya tsallake. Shekara talatin na yi ina koyar da masu busa, kuma ban taɓa bukatar wannan abu a kan turamfet ba. Kiɗa magana ce. Mai magana yana tsayawa ya numfasa, a nan mai saurare yake samun damar haɗiye abin da ya ji. Yawancin waƙoƙin da aka rubuta wa kayan busa an rubuta su ne da sanin cewa mutum zai numfasa, wurin numfashin yana cikin waƙar. Na ga yara da yawa sun ɓata wata shida a kan wannan alhali sautinsu na yau da kullum bai zauna ba. Ɗana, shekararka biyu kacal. Ka iya riƙe sauti ɗaya mai tsabta na sakan ashirin, daga sanyi zuwa ƙarfi ka dawo, ba rawa? In ba ka iya ba, can ya kamata lokacinka ya tafi.

Dan_Jaz:
Ranka ya daɗe Bandmasta, da girmamawa, ban yarda da kai duka ba. Harry Carney ya yi sama da shekara arba'in yana busa babban saksofon a ƙungiyar Duke Ellington, kuma an san shi da riƙe sauti ɗaya dogo a ƙarshen waƙa har jama'a su tashi tsaye. Ba wanda zai ce sautinsa bai zauna ba. Rahsaan Roland Kirk makaho ne, yana sa kayan busa uku a baki lokaci guda, ɗaya yana riƙe da sauti sauran suna tafiya, kuma da wannan numfashin yake ci gaba ba yankewa. Evan Parker na Ingila ya gina salonsa gaba ɗaya a kai, yakan yi minti da yawa shi kaɗai sauti yana zuba. Sannan akwai waƙoƙin da aka rubuta wa goge, wanda ba ya numfashi, in mai turamfet ko kilarinet yana son ya busa su yadda suke, ba shi da wata hanya.

Tsohon_Bandmasta:
Dan_Jaz, waɗanda ka lissafa duk sun mallaki kayan busansu kafin su kai nan. Ban ce haramun ne ba. Cewa na yi akwai abin da ke gaba da wani.

Kwamanda_Saks:
Ni abin da ya ja ni ciki shi ne labarin tarihin da aka kafa. A 1997 Kenny G ya riƙe sauti ɗaya a saksofon na minti 45 da sakan 47, ya shiga kundin Guinness. A 2000 wani Ba'amurke, Vann Burchfield, ya yi minti 47 da 'yan sakanni. Sai Femi Kuti a 2017 ya haura minti 51. Ku yi tunani, kusan awa guda sauti bai yanke ba.

Yar_Sarewa:
Abin mamaki ne, amma ni ba na son masu koyo su sa wannan a gaba. In ka iya dabarar, ba numfashi ne zai tsayar da kai ba, gajiyar leɓe ce da yawun da ke taruwa a baki. Wato gasar juriya ce. Ni inda ya yi mini amfani shi ne wani wuri a wata waƙa da jimlar ta fi ƙarfin huhuna da sakan huɗu kawai. Da can sai in yanke ta a inda bai dace ba, kullum abin yana yi mini ciwo. Yanzu shaƙa ɗaya nake yi a tsakiya, babu wanda ya sani, jimlar ta isa gidanta. Saboda sakan huɗun nan na yi shekara ɗaya da rabi, kuma ban yi nadama ba.

Ummu_Kilarinet:
Ina da tambaya a gefe. Ni in na yi kamar minti ɗaya sai jiri ya kama ni, ƙirjina ya cika kamar zai fashe. Ko akwai illa ga lafiya?

Malama_Obo:
'Yar'uwa, wannan ciwonmu ne mu masu obo, kuma kilarinet ma tana taɓawa. Ba ƙarancin iska ke damunki ba, yawanta ne. Kina ta ƙara sabuwa a kan tsohuwa, ita kuma tsohuwar ba ta samun hanyar fita saboda ƙofar kayan busan ƙarama ce. Iskar da jiki ya gama amfani da ita sai ta taru, jiki ya riƙa kururuwar a numfasa alhali huhu a cike yake. Maganinsa shi ne ki koyi fitarwa ta hanci kamar yadda kika koyi shaƙa. Lokacin da kumatu ke riƙe da sautin, wani zagayen ki fitar, wani zagayen ki shaƙa. In jiri ya zo ki ajiye ki zauna, kada ki yi ta maza. Wanda kuma yake da matsalar zuciya, ko hawan jini, ko ciwon ido mai nasaba da matsi, ya fara jin ta bakin likitansa, domin busa mai matsi tana ƙara nauyi a waɗannan wuraren.

Masanin_Kida:
A ɓangaren lafiya akwai labari mai daɗi ma. Wasu likitoci a Suwizalan sun yi gwaji da mutum 25 masu matsalar ɗaukewar numfashi a barci da munshari. Aka koya wa wasunsu busa dijiridu na wata huɗu, sauran suna jira. Waɗanda suka yi busar barcin rana ya ragu musu, ɗaukewar numfashin ma ta ragu. Mujallar likitoci ta BMJ ce ta buga shi a 2006. Bayanin da suka bayar shi ne busar tana ƙarfafa naman maƙogwaro da na bayan baki. Mutanen kaɗan ne, kada wani ya ajiye maganinsa saboda wannan.

Dan_Bigila:
To ni yanzu wata damuwar ta taso mini. Malamin da ya fara koya mini bigila, in ya ga kumatuna sun kumbura sai ya buge su da yatsa, ya ce mai busa na ƙwarai ba ya kumbura kumatu. Shekara uku ina shan wannan har abin ya zame mini tsoro. Yanzu ku kuma kuna cewa a kumbura. Kuma ga mai turamfet ɗin nan Dizzy Gillespie da kumatunsa kamar balan-balan, duniya ta yarda gwani ne. Wa zan bi?

Mai_Turambon:
Malaminka yana da dalili, ko da yake bugun bai kamata ba. Ga mai farawa, in kumatu suka saki, gefen leɓe ma sai ya saki, sauti ya rasa tsakiya. Kumatun Gillespie kuwa yadda ya saba busa ne, ba darasi ba ne da za a kwaikwaya. Abin da muke magana a kai daban ne: kusurwoyin leɓe suna nan daram, 'yar iska ce kawai ake bari ta shiga kumatu na ɗan lokaci, da sani, a kuma kwashe ta. Ka tsaya gaban madubi. In kusurwar bakinka ta motsa lokacin da kake cikawa, ka cika da yawa. Da yawan ƙwararru in suna yi da ƙyar za ka ga alama a fuskarsu.

Dan_Jaz:
Ƙarin dabara ga mai tambaya: wuri mafi wuya a ɓoye canjin shi ne kan dogon sauti ɗaya, don kunne yana jin ƙaramin motsi. In yatsu suna gudu, ko kana kaɗa sauti biyu da sauri, tuntuɓen yana ɓacewa a ciki. Ka fara shaƙarka a irin waɗannan wuraren. Sannan ka kunna na'urar auna sauti a waya, za ka ga allurar tana motsawa daidai lokacin da kumatu suka karɓa. Aikinka ka rage wannan motsin.

Tsohon_Bandmasta:
Wannan ta ɓoyewa a cikin gudun yatsu ita ce nake tsoro. Yaro zai ɗauka ya iya alhali ya rufe ramin ne da tabarma. In har za a koya, a koya a kan dogon sauti, inda babu wurin ɓuya.

Baba_Mai_Algaita:
Malam Bandmasta, a nan ina tare da kai. Mahaifina sauti ɗaya ya sa ni riƙewa, ya juya mini baya yana saurare. Ya ce ranar da ya kasa gane lokacin da na shaƙa, ranar na iya. Amma a ɗaya maganar taka ban bi ka ba. Ko da ba a yanke numfashi, ana iya yin magana da busa. Mu ma muna da wurin tsayawa, sai dai mu ne muke zaɓarsa, ba ƙirji ne yake zaɓa mana ba.

Sabon_Mabushi:
Na dawo bayan kwana tara. Na bi maganar Anti Malama, na cire kan da wuyan kawai, ina yin minti goma safe minti goma yamma. Na kuma bi ta Baba, ina satar iska tun ƙirji yana da rabi. Jiya da dare a karon farko na wuce canjin sau uku a jere sautin bai mutu ba, a na huɗu ya tsinke. Da na haɗa jikin saksofon na samu sau ɗaya a sauti na tsakiya, amma allurar wayar ta faɗi sosai kafin ta dawo. Baba Bandmasta, na gwada gwajinka na sakan ashirin, na kai sha huɗu sautin ya fara rawa, don haka na raba lokacin gida biyu, rabi ga dogon sauti rabi ga wannan. Abin da ya rage mini yanzu, hancina yana yin ƙara in na shaƙa, har ana ji daga ɗaya ɗakin.

Yar_Sarewa:
Ƙarar hancin nan ni ma na yi fama da ita. Kana ja da ƙarfi ne saboda kana tsoron lokaci zai ƙure. Ka buɗe ƙofofin hancin, ka bar cikinka ya saki iskar ta faɗa da kanta. In kana da mura kuwa ka haƙura da atisayen sai ta wuce.

Ummu_Kilarinet:
Malama_Obo, na gwada fitarwa ta hanci, jirin ya ragu, amma duk lokacin da na fitar sai harshena ya saki iskar baki ta bi ta hancin ita ma. Haka kika fara, ko akwai inda nake kuskure?